Marubuciya ta ba ni aikin shafinta: da sunan wa zan yi rajista, kuma me zan ce mata kan masu fitar da littafi?

Sagir Kabuga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a sana'ar nan, musamman wanda ya taɓa yi wa marubuci aiki.

Shekarata uku ina haɗa wa mutane shafin intanet a nan Kano. Ba ni da ofis. Teburi ɗaya gare ni a shagon abokina mai buga takardu, muna raba kuɗin man janareta. Na yi wa wata makarantar kuɗi, na yi wa wani kemis, na yi wa wani Alhaji mai atamfa a Kantin Kwari wanda har yau bai taɓa buɗe shafin da hannunsa ba, sai yaron shagonsa ya nuna masa. Dukkansu da WordPress, manhajar haɗa shafi, nake yi. Irin wannan aikin ka gama ka miƙa, a sallame ka, ba mai sake nemanka sai shekara ta zagayo.

Na yanzu ya bambanta. Ƙawar yayata ce, tun ina firamare Anti nake ce mata, kuma marubuciyar littattafan Hausa ce. Littafinta goma sha ɗaya. Ukun farko an buga su a takarda, tun zamanin da ake kai littafi Bata 'yan kasuwa su sara su rarraba. Sauran takwas ɗin ko ƙofar maɗaba'a ba su gani ba: a waya ta rubuta, a WhatsApp take sayarwa.

Ranar Asabar na je gidanta don in ga yadda cinikin yake da idona. Na same ta a kan darduma da waya biyu da wani littafin 'yan makaranta da ta ja wa layi gida uku: suna, lamba, an biya. Mai son karatu za ta tura naira 500 ta banki, ko 1,000 in tana son guruf ɗin da ake sakin feji biyu a rana, ta ɗauki hoton shaidar biya ta turo. Anti ta ɗauki ɗaya wayar ta duba ko alat ya shigo, ta rubuta suna, sannan ta saka ta a guruf. Wasu katin waya suke turowa, sai ta tara ta sayar da faɗuwa. A awa ɗayan da na yi, an turo mata shaidar biya ta bogi, ta gane ne kawai don kwanan watan da ke jikin rasit ɗin na watan jiya ne. Miya na kan wuta, autarta na rigima, ga wata tana ta turo saƙon murya wai tun safe ta biya ba a saka ta ba.

Abin da ta ce min shi ne: "Sagir, ni dai ka yi min wurin da mutum zai biya ya karanta ko ina barci. Kuma kada wanda ya iya fitar min da shi."

To ga inda na tsaya. Anti ba ta da imel ɗin da take tuna kalmar sirrinsa, wanda ke kan wayarta ma mai sayar da wayar ne ya buɗe mata. Da na kawo maganar rajistar sunan shafi sai ta ce in yi komai da sunana, ai ni ƙaninta ne. Hakan ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sai maganar fitar da littafi: na san akwai manhajojin da ke hana kwafa, amma na san iyakarsu, kuma na kasa buɗe baki in gaya mata. Na ƙarshe shi ne kuɗi. Kemis ɗin nan naira 120,000 na karɓa. Ita kuwa ta ce "ko nawa ne ka faɗa," wanda duk mun san ma'anarsa a bakin babba. Yayata kuma ta riga ta kira ni ta ce in ji tsoron Allah.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya taimaka.

Baban Ilham (Kaduna)

Wa alaikumus salam Malam Sagir. Zuciyarka ta fi ka gaskiya, ka bi ta. Ni ganau ne.

An taɓa kawo min aikin wani dattijo, tsohon malamin makaranta mai rubuta waƙoƙi. Wani yaro ne ya yi masa shafi shekaru kafin nan, ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, da katinsa. Yaron ba mugu ba ne, karatu ya tafi waje, ya canza layi. Saƙon tunin biyan kuɗi yana ta shiga akwatin da ba mai buɗewa. Sunan shafi kuwa haya ce, shekara-shekara ake sabuntawa. In wa'adi ya wuce ana ɗan ɗaga maka ƙafa, daga nan ya shiga matakin fansa, wanda a .com kwana 30 ne kuma da tara mai nauyi, daga nan a sake shi kasuwa kowa ya saya. Na dattijon nan wani ya saye. Adireshin yana buge a bangon bayan littattafansa, duk wanda ya shiga sai tallan caca ya tarbe shi. Ina zaune ya buɗe a gaban jikansa. Ban iya yi masa komai ba sai sabon suna, littattafan kuma sun riga sun shiga duniya.

Saboda haka ka ware yini guda ka koma gidan. Ku buɗe sabon Gmail tare, lambar wayarta ce ta farfaɗo da asusu, ta rubuta kalmar sirrin da hannunta a cikin littafin nan nata mai layi uku. Da wannan imel ɗin za a yi rajistar suna, da shi za a kama masaukin shafin, wato wurin da ake haya a ajiye shafin a intanet. Kai kuma ka buɗe wa kanka ƙofa ta daban a WordPress a matsayin mai kula, yadda ranar da ta ga dama za ta iya cire ka shafin bai girgiza ba. Yau kuna shiri, amma kai ma za ka iya samun aiki a Abuja ko Legas, ko ka yi ciwo, ko wanda ya fi mu ya kira ka. Zanen aro ba ya rufe katara.

Asusun karɓar kuɗi ma haka, ya ma fi. In Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, za ka sa, da BVN ɗinta da asusun bankinta za a buɗe. Kuɗin littafinta kada ya kwana a wurinka ko da dare ɗaya ne, don ranar da lissafi ya ƙi daidaita ba ruwan kowa da cewa na'ura ce ta yi kuskure. Ka kuma zauna ka yi mata lissafin abin da suke cira: kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, amma ana yafe ɗarin in cinikin bai kai 2,500 ba. Wato a littafin 1,000 naira 15 ce za ta tafi, in kuma ta haɗa littafi uku a 3,000 sai 145 ta tafi. Kuɗin kan shiga asusunta washegarin ranar aiki, ba nan take ba. Wanda ya saba jin alat a daƙiƙar, in ba ka faɗa masa ba, daren farko zai kira ka ya ce an cinye masa kuɗi.

Maganar farashi, bari in ba ka labarin wautata. Farkon 2023 na yi wa wani kwastoma alkawarin shekara uku ba zai sake biyan komai ba, duk na dunƙule a farashi ɗaya na naira, masaukin kuma a dala nake biya. Lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yunin shekarar aka saki naira, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500. Daga aljihuna na cika, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun daga nan kashi uku nake raba kuɗi a takarda. Akwai ladan aikina. Akwai hayar suna da masauki, wannan mai shafi ne ke biya kai tsaye da katinsa, ni ko taɓawa ba na yi. Sai kuɗin kula na wata-wata ga wanda yake so: sabunta manhajoji, ajiye kwafin shafi, gyara in ya faɗi. Kuma ina ba ka shawarar suna mai ƙarewa da .com.ng. NiRA ce ke kula da duk sunayen da ke ƙarewa da .ng, ana saya ta hannun dillalan da ta amince da su, da naira ake biya, ya kuma fi .com araha.

Wani abu da ban ga ka lissafa ba, alhali shi ne giwar aikin: waye zai ɗora littattafan? Littafi takwas da aka rubuta a waya ba fayil takwas ba ne. Ɗaruruwan saƙonni ne, cike da taurari da furanni da gaisuwar masoya a saman kowane feji, da lambar asusu a ƙasa. Tsince su zai ci maka lokaci fiye da haɗa shafin gaba ɗaya. Ka yanka kuɗinsa daban, kowane littafi da farashinsa, ku fara da biyu. In za ka yi mata ragi don darajar Yaya, ka rubuta cikakken farashin, ka ja layi, ka rubuta ragin a ƙasa ta gani. Sabo da kaza ba ya hana yanka, amma kazar ta san an yi mata sassauci.

Ummu Hanan

Ƙanena Sagir, ni marubuciya ce, bari in yi maka magana ta ɓangarenmu.

Ka je ka gaya mata gaskiya kan fitar da littafi, yau ba gobe ba. Ba za ta mutu ba. Mun fi ku sanin abin nan. Shekara nawa muna rubuta "Allah ya isa ga duk wadda ta fitar min" a saman feji, ana kwafa har da Allah ya isan a tura wani guruf? Ka hana kwafa, a ɗauki hoton fuskar waya. Ka hana wannan, a ɗauki wata wayar a ɗauka. Akwai masu zama su sake buga littafi sukutum su haɗa dokumen su raba kyauta don a ce musu sannu da ƙoƙari. Akwai masu karantawa a YouTube su ci kuɗin talla, marubuciya ko sunanta ba a faɗa daidai ba. In ka yi mata alkawarin ba mai fitarwa, ranar da ta ga littafinta yana yawo kai ne ɓarawon farko a idonta.

Abin da ya yi min amfani biyu ne. Wanda ya yi min nawa ya sa duk wadda ta sayi PDF, sunanta da lambar wayarta suna fitowa dishi-dishi a kowane feji. Ba ya hana mai taurin kai, amma mace ba ta son a ga lambarta tana yawo a guruf ɗin da ba ta san su waye a ciki ba. Na biyu, sabon littafi ba na sakinsa a PDF sai ya kammala ya kwana biyu. Babi-babi ake karantawa a kan shafin bayan mutum ya shiga da lambarsa. Mai sata sai ta wahala, kafin ta gama haɗawa masu saye sun saya.

Kuma yanzu doka ta ɗan ba mu baki. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi yadda za ka rubuta wa masu dandali su sauke aikinka da aka ɗora ba izini, YouTube ma suna da fom na wannan. Na cike sau biyu. Abin da ya taimake ni shi ne ina da shafina da ke nuna littafin nawa ne da ranar da na fara sakinsa. Tana iya yin rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa don ƙarin hujja, duk da haƙƙin nata ne tun ranar da ta rubuta.

Me ya sa na nemi shafin kaina tun farko? OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai a intanet. Marubutan Hausa da yawa mun zuba littattafai a can, mun saba, masu karatu sun saba. A ƙarshen Nuwambar 2023 suka rufe. Ban zarge su ba, kasuwa ce, sun kuma ba da sanarwa. Amma ranar na gane ba ni da lambar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka sayi littafina a can. Don haka ka tabbatar Anti tana iya sauke jerin masu sayenta da kanta, ka koya mata har sai ta yi a gabanka sau uku.

Kada kuma ka raba ta da WhatsApp. Masu karatunmu ba littafin kaɗai suke saye ba, har da hirar: a zagi miji, a tausaya wa amarya, a roƙi marubuciya kada ta kashe wane. Shafi ya karɓi kuɗi ya ba da karatu, sharhi ya zauna a guruf. Kuma ka rage hotuna. Yawancinsu da datar naira 200 suke shigowa, cikin dare, a ƙaramar waya, bayan yara sun yi barci.

Mahamadu Damagaram

Salamu alaikum. Ni mai karatu ne daga Nijar, ba mai haɗa shafi ba. Don Allah kada ku manta da mu. Muna da yawa a Damagaram da Maraɗi da Tawa, kuma da sefa muke ma'amala, ba mu da asusun naira. Yanzu haka ta NITA ko Amana ko Airtel Money muke tura wa wakiliyar marubuciya a nan, ita kuma ta shaida mata. In shafin kati da bankin Najeriya kawai ya sani, kun rufe mana ƙofa. Ku bar wata hanya da Hajiya za ta buɗe wa mutum littafi da hannunta in wakiliya ta ce ya biya.

Sannan mu nan ƴ muke rubutawa inda kuke rubuta 'y. In akwai wurin bincike a shafin, ku gwada duka biyun.

Abba Gombe

Ni fa ban ga abin wahala ba. Ta ɗora a manhajar littattafai ta ArewaBooks ko ta buɗe shago a dandalin sayarwa na Selar, minti talatin an gama, ba hayar masauki ba ciwon kai. Sagir, ka tabbata ba don kana son aikin kake son ta yi shafi ba?

Sagir Kabuga

Abba, tambayarka ta yi min zafi, shi ya sa na kai mata ita yadda ka yi ta. Na nuna mata duka. Ta ce tsofaffin littattafan za ta sa a manhaja ma, ba ta ƙi ba, amma tana son wuri guda mai sunanta da za ta riƙa turawa in an tambaye ta. To mun yi.

Na dawo ne in ba ku labari, tunda mako biyar ke nan. Baban Ilham, na bi maganarka. Mun buɗe imel, ta rubuta kalmar sirri a bangon littafin nan, ta kuma sa mijinta ya kwafa a nasa. Na rubuta 180,000, na ja layi, na rubuta 130,000, littafi biyu a ciki, kowane ƙari 15,000. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ashe haka abin yake da tsada," ta tura kashi 60 a take. Yaya ba ta sake kira ba. Anti Ummu Hanan, na gaya mata gaskiyar satar. Dariya ta yi ta ce ta sani, so take ta ji ko zan yi mata ƙarya.

Abin da ya kusa kunyata ni ba wanda ya faɗa min shi, don haka nake rubutawa. Haruffa masu lanƙwasa. Na zaɓi wani salon haruffa mai kyau a Google Fonts, a kwamfutata komai lafiya. Ana gobe buɗewa na karɓi wayar Anti na duba, sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suka fito sun yi tsalle sun fita daban, kamar baƙo a sahun salla, a kanun babi ma wani ɗan akwati ne ya fito a madadin Ɗ. Ashe salon ba shi da su, kwamfutata ce ke aro daga wani wuri tana rufa min asiri. Na koma Noto Serif, Andika da Charis SIL ma suna da su cikakku. Yanzu kafin in zaɓi kowane salo sai na buga "Ƙanƙara, Ɗanɗano, Ɓaɓɓake" na duba a waya uku.

Ba su ƙare nan ba. In taken babi yana da ƙ, WordPress sai ya mayar da ita %c6%99 a cikin adireshin, ka tura a WhatsApp ya fito kamar saƙon 'yan damfara. Da hannu na bi na gyara kowane adireshi zuwa k da d da b zalla. Wurin bincike kuma, wanda ya rubuta "kaddara" ba ya samun "ƙaddara", alhali yawancin mutane ba sa saka lanƙwasa a waya. Na ƙara wa kowane littafi kalmomin nema iri biyu, har da ƴ ɗin Malam Mahamadu. Ku ma an bar muku ƙofa: akwai maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗin wakiliya, Anti kuma ta iya buɗe wa mutum da kanta.

Ranar Juma'a ƙarfe takwas na dare ta saki adireshin a guruf-guruf ɗinta. Ina zaune a tsakar gidanta da kwamfuta a cinya, sauro na cizo. Minti goma shafin ya ƙi buɗuwa, mutane sun yi wa ƙaramin masaukin da muka kama yawa a lokaci guda. Gumi ya wanke ni. Na kunna ajiyar shafuka ta wucin gadi da na manta ban kunna ba, na rage girman hoton bangon littafin, ya dawo. Kafin sha biyu mutum 74 sun biya, yawancinsu ta tura kuɗi zuwa lambar asusun da shafin ke bayarwa, masu kati ba su kai goma ba. Mutum shida sun kasa, suka koma tsohuwar hanya, ta buɗe musu da hannu.

Kwana tara aka yi kafin babi biyar na farko su bayyana a wani guruf, hoton fuskar waya ne, ɗaya bayan ɗaya. Ta turo min ba ta ce komai ba sai alamar dariya.

Tambayata ta gaba ga Baban Ilham: kuɗin kula na wata nawa kake karɓa, kuma kiran ƙarfe ɗayan dare yana ciki? Don jiya ta kira ni wai wata ta manta kalmar sirrinta, kuma an tsaya ne daidai inda uwar miji ta shigo ɗakin.